Darasi na Shida: Koyon Sana'ar Ɗaukar Hoto da Bidiyo

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. bayyana abubuwa uku da ke daidaita hasken da ke shiga kyamara;
2. ɗaukar maganar mutum ta fita tsaf, ko da wurin akwai hayaniya;
3. bambance girman ɗauka iri uku da inda kowanne ke amfani;
4. lissafa wurin ajiya da kuɗin aiki kafin ya karɓi kwangila;
5. faɗin haƙƙin mutanen da ya ɗauka a hoto.

Gabatarwa

A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Masu bin tarihin Kannywood daga nan suke fara lissafin finafinan bidiyo na Hausa. Hoton da kyamarorin wancan zamani ke bayarwa bai kama ƙafar na wayar da ke aljihun da yawa daga cikinku ba. Don haka kada wani ya ce rashin babbar kyamara ne zai hana shi farawa.

Aikin kuma yana nan jibge: biki, suna, walimar saukar Alƙur'ani, tafsirin watan azumi, bikin yaye ɗalibai, hoton fasfo, da tallan kaya da 'yan kasuwa irin na Kantin Kwari ke sakawa a Facebook da TikTok. Masu riƙe da waya sun yi yawa, amma wanda za a ba aiki a kwanta da hankali ɗaya, shi ne ya yi ƙaranci. Wannan darasi zai nuna muku abin da ke raba su.

1. Haske

Kyamara ba ta san amarya ba, ba ta san ango ba. Hasken da ya faɗa a kansu ya dawo, shi kaɗai take ɗauka. Wanda ya gane haske ya ci rabin sana'ar.

Ku tuna yadda idonku ke yi idan kun baro rana kun shiga zaure. Da farko duhu ne, jim kaɗan sai ƙwayar ido ta buɗe, ku fara ganin tabarma da mutanen da ke zaune. Kyamara ma haka take, sai dai ita da abubuwa uku take wannan gyara.

> Akwatin ma'ana
> Tagar haske: ƙofar da ke cikin gilashin kyamara, wadda ke faɗaɗa ko ta tsuke. Ana rubuta ta kamar f/2.8 ko f/11. Ƙaramar lamba tana nufin babbar taga.
> Saurin ƙifta: tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga a ɗauka guda, kamar 1/50 ko 1/500 na daƙiƙa.
> ISO: ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta samu. Idan ya yi yawa, hoto yakan yi tsakuwa-tsakuwa.

Kowanne daga cikin ukun nan yana ƙara haske, kuma kowanne yana da abin da yake karɓa a madadin haka. Idan kun buɗe taga zuwa f/2.8, haske zai wadata, fuskar mutum ta fito, bayansa ya yi dishi-dishi. Wannan yana da kyau ga hoton mutum ɗaya. Amma a hoton dangi da aka jera sahu uku, 'yan sahun baya za su dusashe, sai a tsuke tagar zuwa f/8. Idan kun rage saurin ƙifta, haske zai ƙaru, amma duk abin da ya motsa zai ja wutsiya. Dokin da ke sukuwa a hawan Sallah yana buƙatar 1/1000 ko fiye kafin ƙafafunsa su tsaya cak a hoto. ISO kuwa shi ake taɓawa daga ƙarshe, bayan an rasa yadda za a yi. Yawancin wayoyi tagarsu ba ta canzawa, saboda haka mai waya da ƙifta da ISO kaɗai yake wasa, idan wayar ta ba shi dama.

Akwai matsala guda da ta fi damun masu ɗaukar hoto a ƙasarmu, kuma ya kamata mu daɗe a kanta. Mutanenmu baƙaƙe ne ko wankan tarwaɗa, kuma ranar biki farar shadda suke sakawa. Kyamarar da aka bar ta ta zaɓa wa kanta haske takan ga farin nan mai ƙyalli, ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage. Riga ta fito fes, fuska ta nutse. A ƙara da hula ko goggoro da ke jefa inuwa a goshi, ga kuma rana a tsaka. Sakamakon shi ne hoton da mai shi zai duba ya ce, "Wannan ba ni ba ne."

*Misali na 1.* An ɗaura aure da ƙarfe ɗaya na rana a ƙofar masallaci. Ango da abokansa cikin fararen kaya suna jiran hoto a tsakiyar fili. Me za ka yi?

Da farko ka roƙe su su matsa inuwa, gindin dalbejiya ko ƙarƙashin rumfa, amma su tsaya a bakin inuwar suna fuskantar fili, yadda hasken sarari zai wanke fuskokinsu. Na biyu, ka taɓa fuskar ango a allon waya, ka riƙe yatsa har haske ya kulle a kanta. Idan fuskar ba ta fito ba, ka ɗan ƙara haske da hannu, ko da rigar za ta yi fari fiye da kima. Fuska aka zo gani. Na uku, mataimakinka ya riƙe farin kwali ko farin ƙyalle daga gefen da rana take, ya karkato shi har hasken ya dawo ƙarƙashin hula. Duk wannan bai ci ko sisi ba.

A cikin ɗaki, taga ita ce fitilarku ta farko. Ku zaunar da mutum yana fuskantar taga ko tana gefensa. Idan ya ba ta baya, inuwarsa kawai za ku samu. Lokaci mafi daɗin ɗauka a waje kuwa shi ne da hantsi kafin rana ta yi zafi, da kuma bayan la'asar sakaliya.

Wani abin lura: wutar lantarki a Nijeriya da Nijar tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa. Wayoyi da yawa suna zuwa a saite kan hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa a ƙarƙashin wasu fitilu za ku ga bidiyo yana walƙiya ko baƙaƙen layuka suna gangarowa. Maganinsa shi ne a koma hoto 25 a daƙiƙa, ƙifta kuma 1/50.

Da hunturu, hazo yakan tausasa rana, hoto ya yi laushi, amma ƙura abokiyar gabar gilashi ce. Kada ku goge shi da bakin riga. Ku fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan ku shafa da ƙyalle mai laushi. Kada ku cire gilashin kyamara a fili iska na kaɗawa.

2. Sauti

Sabon ɗalibi idonsa yana kan allo, kunnensa a toshe. Sai ya koma gida ya tarar da janareto ya cinye huɗubar liman kaf. Mai kallo zai iya haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, amma maganar da ba ta fita, minti ɗaya ba zai yi yana saurare ba. Hoto kuma ana iya ɗan gyara shi a kwamfuta. Maganar da hayaniya ta danne, dawo da ita sai an sha wuya, galibi ma ba ta dawowa yadda take.

Ƙa'idar guda ce: makirfo ya kusanci baki. Makirfon da ke jikin waya yana ɗaukar duk abin da ya fi kusa da shi ko ya fi ƙara, wato fanka, kukan yaro, ƙahon adaidaita sahu, har numfashin mai ɗauka.

> Akwatin ma'ana
> Makirfon wuya: ɗan ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a gaban riga, kimanin taƙi ɗaya daga baki.
> Sautin wuri: ƙarar da wuri ke yi idan kowa ya yi shiru. Ana ɗaukarsa don cike giɓi a lokacin tacewa.

*Misali na 2.* Wata mai sayar da turaren wuta ta kira ki ki yi mata bidiyon talla na minti ɗaya a shagonta da ke bakin titi. Ba ki da makirfon wuya. Ki ari waya ta biyu, ki kunna manhajar ɗaukar murya, ki ajiye ta a kan kanta daf da mai magana, a bayan kwalaben da ba za a gan ta ba. Ki ce, "Hajiya, don Allah a kashe mana fanka na minti biyar." Ki janyo ƙofa. Bayan kin kunna wayoyin biyu, ki tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Wannan tafin shi za ki nema a wurin tacewa ki haɗa murya da hoto daidai. Idan ta gama magana, kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 ki ɗauki sautin wuri. Kafin ki bar shagon, ki sa abin kunne ki saurara daga farko har ƙarshe.

A wurin taro mai lasifika, kada ku tsaya a gabanta, sautin zai fashe. Ku nemi mai kula da na'urar sauti tun kafin a fara, ku gaisa, ku roƙi ya ba ku layi daga na'urarsa.

3. Girman ɗauka

> Akwatin ma'ana
> Ɗaukar nesa: tana nuna wuri gaba ɗaya, mai kallo ya san inda ake.
> Ɗaukar tsakiya: daga ƙugu zuwa kai, don magana da hira.
> Ɗaukar kusa: fuska, ko hannu, ko wani ƙaramin abu.

Wanda ya kafa kyamara wuri ɗaya awa biyu ya yi gadi ne kawai. A wurin sa lalle, ku fara da tsakar gida cike da mata, sannan amarya da ƙawayenta, sannan hannun mai zane yana bin tafin amarya. Ɗauka uku sun ba da labari. Kowace ɗauka ku riƙe ta aƙalla daƙiƙa 10 ba motsi. Ku manne gwiwar hannu a jiki, ko ku ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku. Idan kuna son kusanto abu da waya, ku taka ku matsa, domin janyo hoto da yatsa yana rage masa kyau.

Ku tambayi mai aiki inda za a kalli bidiyon. Talabijin da YouTube a kwance suke so, wato 16:9. TikTok da sitatus na WhatsApp a tsaye, wato 9:16.

4. Tacewa da ajiya

> Akwatin ma'ana
> Tace hoto: zaɓen ɗauka masu kyau, jera su, yanke sauran, da daidaita sauti da launi.

A waya ana iya farawa da CapCut. A kwamfuta akwai DaVinci Resolve, wadda ke da nau'in kyauta, da Adobe Premiere Pro da ake biyan kuɗinta lokaci-lokaci. Kowacce kuka samu, aikin ɗaya ne, kuma mafi yawansa yankewa ne. Ni dai shawarata ga sabon mai tacewa ita ce ya bar furanni da taurari da hoton da ke jujjuyawa. Ba sa ɓoye rauni, nuna shi suke yi.

*Misali na 3.* A ce kyamararka tana cin megabait 100 a kowane minti idan tana ɗaukar hoto mai girman 1920 × 1080. Za ka ɗauki awa uku. Awa uku minti 180 ne. 180 × 100 = megabait 18,000, wato kusan gigabait 18. Katin ajiya mai gigabait 32 zai isa. Idan ka koma 4K, wanda girmansa 3840 × 2160 ne, cin wurin zai ninka sau uku ko huɗu, katin ya cika ana tsakiyar kamu. Ka gwada taka na'urar: ɗauki minti ɗaya, duba nauyinsa, sannan ka yi lissafi.

Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Da kun dawo daga aiki, kafin abinci, ku kwafe komai. A samu kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam ko a ma'ajiyar intanet. Kada a goge kati sai an buɗe kwafin an ga yana aiki. Wajen aika wa mai aiki ta WhatsApp, ku tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ya rage kyau.

5. Lissafin kuɗin aiki

Da yawa sun bar sana'ar nan alhali sun iya ɗauka. Lissafi ne ya kayar da su. Sukan manta cewa awa ɗaya a wurin biki tana jawo awa ɗaya ko biyu a gaban kwamfuta.

*Misali na 4.* Waɗannan alkaluma na koyo ne, ku sa farashin garinku a madadinsu. An kira ka wunin biki.

Hayar kyamara da fitila: ₦15,000
Mataimaki: ₦8,000
Kuɗin mota: ₦5,000
Filashin da za a ba mai aiki: ₦6,000
Data da caji: ₦4,000
Jimillar kashewa: ₦38,000

Ɗauka awa 8, tacewa awa 12, awa 20 ke nan. Idan ka yi wa awarka kuɗi ₦1,500, ladanka ₦30,000. An samu ₦68,000. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 don gyaran kaya da sayen sababbi, wato ₦6,800. Kuɗin aiki ya kama ₦74,800.

Yanzu a ce uwar amarya ta ce, "Haba ɗana, ai kai na gida ne, ka karɓi ₦45,000." Idan ka amsa, bayan ka cire ₦38,000 saura ₦7,000 a kan awa 20, wato ₦350 a awa. Ba sai ka yi musu da ita ba. Kana iya cewa, "Hajiya, a wannan kuɗin zan zo ni kaɗai, in ɗauki kamu kawai, in ba ku bidiyon minti 15." An rage aiki daidai kuɗi, an kuma rabu da mutunci. Ku riƙa karɓar kafin alƙalami da zai biya abin da za ku kashe, ku rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai: awa nawa, hoto nawa, ranar bayarwa.

6. Amana

Mai kyamara yana shiga inda ba kowa ke shiga ba. A wurin kamu ko wuni, mata suna cikin 'yan'uwansu, sun ajiye mayafi, suna rawa da sakewa. Sun yarda a ɗauke su ne don iyali su gani. Ɗan guntun bidiyon da wani ya saka a TikTok don tallan aikinsa yana iya jawo rigimar da za ta kai ga mutuwar aure, kuma abin da ya hau intanet ba a iya janye shi. Saboda haka kada ku saka hoton kowa sai da izininsa a fili. Izinin ango bai wadatar a kan hoton ƙawayen amarya ba. Yara kuma sai da yardar iyayensu. Idan za ku kai waya ko kwamfuta gyara, ku fara cire hotunan mutane.

A nan ne ɗalibai mata ke da babbar dama. Gidaje da yawa sun fi son mace ta ɗauki taron mata, ta kuma tace shi da kanta ba tare da ya bi ta hannun namiji ba. Wadda ta iya ɗauka da tacewa duka biyu ba za ta rasa aiki ba.

Hukuma ma tana da ta cewa. A 2023 Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane, kuma hoton da ake gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare hotonku daga masu ɗauka ba izini, tana kuma kare waƙar mawaƙi daga gare ku. Bidiyon da aka ɗora wa waƙar wani ba izini, YouTube na iya toshe shi ko ya ba mai waƙar kuɗin tallan. Wanda zai shiga harkar fim a Kano kuwa sai ya san ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001.

7. Inda ake ƙaro ilimi

Mai neman takardar shaida yana da zaɓi. A Jos akwai cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya da aka kafa a 1979, akwai kuma kwalejin talabijin ta NTA. Jami'ar Bayero da ke Kano da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna koyar da aikin jarida da sadarwa. A Yamai ma akwai makarantar da ke koyar da su. Ɗaliban manyan makarantu a Nijeriya kan fita koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES da hukumar ITF ke kula da shi, kuma gidan talabijin ko situdiyo wuri ne mai kyau na yin sa.

Amma yawancin masu sana'ar a wurin maigida suka koya. Idan za ku zaɓi maigida, ku duba ko yaransa suna taɓa kyamara da kwamfuta, ko kuwa ɗaukar jaka da naɗe waya kawai suke yi shekara da shekaru. Ku yi magana tun farko a kan tsawon koyo da abin da za a koya muku, a gaban iyaye ko wani babba. Kowane mako ku ɗauki wani abu na kanku, ko da mai shayin unguwa ne da izininsa, ku kai wa maigida ya duba ya faɗi gyara.

Tambayoyin bita

1. Ambaci abubuwa uku da ke daidaita haske a kyamara, ka faɗi abin da kowanne ke jawowa idan aka ƙara haske da shi.
2. Me ya sa fuska ke yin duhu idan mutum ya sa farar shadda a rana? Kawo hanyoyi biyu na gyara.
3. Bidiyonki yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar ɗakin taro. Wane saiti za ki canza, kuma don me?
4. Mene ne amfanin tafa hannu a gaban kyamara kafin a fara magana?
5. Za ka ɗauki bidiyon maƙeri yana aiki. Rubuta ɗaukar nesa ɗaya, ta tsakiya ɗaya, da ta kusa biyu da za ka yi.
6. Wayarka tana cin megabait 130 a minti. Gigabait nawa kake buƙata don ɗaukar awa biyu?
7. Abin da za ki kashe a aikin suna ₦22,000 ne, aikin kuma zai ci awa 9. Idan awarki ₦1,500 ce, kika ƙara kashi 10 cikin 100 na gyaran kaya, nawa za ki caja?
8. Wani abokinka ya roƙi ka tura masa bidiyon rawar da ka ɗauka a wurin kamu. Me za ka ce masa, kuma mene ne dalilinka?
9. Aikin gida: ɗauki hoton mutum ɗaya, da izininsa, sau uku: yana fuskantar taga, tana gefensa, ya ba ta baya. Kawo hotunan aji mako mai zuwa tare da bayanin bambancin da ka gani.